Tsohon Kare da Filin Bakin Ƙofa

Akwai wani mutum mai tsohon kare, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana tsaron ƙofarsa. Wata safiya karen ya kasa tashi, ƙafafunsa na baya suka ƙi ɗaukarsa. Sai mutumin ya shimfiɗa buhu a bayan mota, ya kwantar da shi, ya nufi asibitin dabbobi.

A bakin ƙofar asibitin kuwa akwai fili ɗaya mai faɗi, an zana keken guragu a ƙasa da shuɗin fenti. Sauran wuraren ajiye mota suna can ƙetaren kwata. Mutumin ya ce a ransa, "Ai don wanda ba ya iya tafiya aka keɓe shi. Karena ma ba ya iya tafiya." Sai ya faka a ciki.

Maigadi ya ce, "Maigida, wurin nan fa da mai shi."

Ya ce, "Haba Baba, minti biyar ne."

Ya rungumi karen ya shiga, ya zauna jiran likita. Minti biyar ya zama rabin awa. Karen yana haki, shi kuma yana ta mita: "Wane irin likita ne wannan, rana ta yi haka bai zo ba?"

Can sai ga wani ya shigo a keken guragu, gumi ya jiƙa masa riga, tayoyin duk laka. Ashe shi ne likitan. Ya tarar an tare masa wuri, ya ajiye motarsa can nesa, sai da ya zagaya ta bayan kasuwa kafin ya sami inda kekensa zai haye kwatar.

Da mutumin ya gane haka, sai ya sunkuyar da kai. "Likita, motata ce. Ka gafarce ni."

Likitan ya dube shi, ya dubi karen, ya fashe da dariya. "Kai da ka ɗauko shi kamar jariri, da ka ƙara taku talatin bayanka zai karye ne? Je ka janye motar, bar mini dattijon nan."

Da mutumin ya dawo, karen yana kan cinyar likita, an yi masa allura, yana kaɗa jela. Bayan kwana uku ya tashi ya kori kajin maƙwabta, gidan ya cika da shewa.

Ma'anar wannan misali ita ce: tausayin dabba abu ne mai kyau, Allah ne ya halicce ta. Amma mutumin nan yana da ƙafa biyu da hannu biyu, zai iya ɗaukar abin ƙaunarsa daga ko'ina. Likitan kuwa ba shi da wata hanya sai wannan fili. Na daɗe ina yawo a garuruwan mutane, kullum cikin sauri, na kuma sha cewa "minti biyar ne". Da na dawo gida na tarar an fenta irin filin nan a ƙofar majami'armu, na yi murna ƙwarai. 'Yan'uwa, mu bar shi ga masu shi. Wataƙila wanda ka tare wa hanya, shi ne Ubangiji ya aiko maka da taimako.