Ranar da Duk Agogunan Ofis Suka Yi Ƙarya Tare

Jama'a, ku ɗan saurare ni. Tun da na ji labarin nan gabana ke faɗuwa, don ni ma uwa ce.

Akwai wata mata da ake kira Maman Auta. Tana aiki a wani ƙaramin ofis inda ake buga wa mutane takardu, a tura musu ta intanet. Ɗakin aikinsu can ciki yake, babu taga, sai fanka da kwamfutoci. Agogon bango kuwa ya daɗe da mutuwa. Manaja ya kafa doka, kowa ya shigo da safe ya ajiye wayarsa a durowa, wai hira na cinye aiki. Saboda haka mai son sanin lokaci sai ya kalli ƙasan allon kwamfutarsa.

'Yarta Auta sikila ce, sanyi kaɗan ke kwantar da ita. Shi ya sa Manaja ya yarje mata ta riƙa fita idan an tashi daga makaranta, ta kai yarinyar gida ta dawo.

Tana da aminiya, Doguwa. Ita ta roƙa mata aikin nan lokacin da take zaman banza. Kwano ɗaya suke ci, ba sa kiran juna sai da "Ƙawalli". Da aka ba Doguwa shugabancin ɗakin, Maman Auta ta fi kowa murna.

Wata rana aiki ya yi yawa. Maman Auta tana bugu, amma hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta kalli allo, da sauran lokaci. Ta leƙa na maƙwabciyarta, daidai da nata.

Ta ce, "Ƙawalli, yau rana ba ta tafiya ne? Jikina na ba ni an tashi yara."

Doguwa ta yi dariya. "Ke dai da zumuɗi! Jikinki ya fi kwamfuta sani ne? Dubi nawa, dubi na kowa. Ƙarasa shafin nan tukuna."

Ta zauna ta ƙarasa.

Da ta fito ta karɓi wayarta, sai ta ga kiran malamar Auta a jere. Lokaci ya wuce da kusan awa guda. Waje kuwa ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ta tarar da yarinyar a rakuɓe jikin ƙofar makaranta, sharkaf, tana karkarwa.

"Mama, na ce musu ba kya makara. Shi ya sa na ƙi shiga ciki."

Kafin yamma ciwo ya tashi, sai asibiti.

Mijinta ya rufe ta da faɗa. "Aiki ya fi miki 'yarki ko?" Ta rantse agogo ne, ya ce, "Agogon ofis gaba ɗaya? Ki ji tsoron Allah." Ita ma har ta fara zargin idonta.

Doguwa ta zo asibiti da lemo da ayaba, ta rungume ta, suka yi kuka tare. Ta ce, "Gajiya ce, Ƙawalli, ba ki duba da kyau ba. Kar ki sa wa ranki."

Washegari Maman Auta ta je ofis neman hutu, ta tarar ana hayaniya. Wani mutum ya kawo takardun neman aikinsa a tura kafin a rufe karɓa. Allon ofis na cewa da sauran lokaci, can kuwa an riga an rufe. Mutumin ya ce sun kashe masa rayuwa. Manaja ya kira mai gyara.

Mai gyara ya dudduba, ya ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutocin nan ba kowacce ke da lokacin kanta ba. Duk daga wannan babbar suke ɗauka, shi ya sa bakinsu ke zama ɗaya. Ita kuma na ɗaure ta da agogon intanet. Wani ya kwance ta, ya mayar da lokaci baya da hannu."

Manaja ya ce, "Wa ke iya shiga cikinta?"

"Daga ni sai mai teburin."

Teburin Doguwa ne.

Ashe duk ranar da aiki ya taru, sai ta ja agogo baya kaɗan don a gama, Manaja ya yaba mata, daga baya ta gyara. Jiya ta ja da yawa, kuma labarin asibiti ya sa ta manta ta mayar.

Doguwa ta kama hannun Maman Auta. "Ƙawalli, wallahi ban san za a yi ruwa ba."

Maman Auta ta zare hannunta a hankali. "Ruwa na Allah ne. Amma na tambaye ki, kika yi dariya. Kin zo asibiti, kin ga yarinyar nan tana murƙususu, kika ce idona ne. Ke fa kika fara ɗaukar ta ranar da na haife ta."



A ranar Manaja ya sallami Doguwa. Mai gyara ya sake ɗaure babbar kwamfutar, ya canja lambar sirri, duk allunan suka koma daidai a lokaci ɗaya.

Auta ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Yanzu uwarta ba ta rabuwa da agogon hannu. Ranar da aka sallamo su daga asibiti, yarinyar ta ce, "Mama, yaushe Anti Doguwa za ta sake kawo min lemo?"

Maman Auta ta gyara mata rigar sanyi, ta ce, "Ni zan saya miki."

Darasi: Don baki ya zo ɗaya ba shi ne gaskiya ba, wataƙila duk daga mutum ɗaya suka ɗauka. In an ba ka riƙon abin da kowa ya dogara da shi, kar ka taɓa shi don a yabe ka, ba ka san wa ke tsaye a waje yana jira ba. Iyaye mata, in zuciyarku ta ƙi kwanciya a kan yaranku, ku tashi ku duba. Don Allah ku tura wa wasu, ko wata uwar za ta tsira.