Igiyar Da Nyamdavaa Ya Kwance

A duk masu hawan tsaunukan Altai babu mai ƙafa irin ta Nyamdavaa, kuma babu mai girman kansa. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai shi bai taɓa zamewa ba, don haka ɗaure ƙugu da igiya aikin matsorata ne. Yayarsa Tungalag, wadda ta raine shi kuma ta koya masa riƙe gatarin ƙanƙara, ita kaɗai ke iya tanƙwara shi, ita ma da ƙyar.

Wata bazara suka ƙudurta hawa wani tsauni da kogin ƙanƙara ya kewaye, wato tulin daskararriyar ƙanƙara mai gangarowa sannu a hankali tsawon shekaru. Hanyar ƙololuwarsa siririn doro ne na dusar ƙanƙara, hagu rami, dama rami. Dokar irin wannan doro kowa ya san ta: mutum biyu a igiya ɗaya, in ɗaya ya faɗa hagu, ɗayan ya yi tsalle dama, sai igiyar ta rataye su a kan doron. Da suna shan shayin madara mai gishiri a tanti, Tungalag ta maimaita masa wannan. Ya yi tsaki, ya ce ta ajiye wa yara karatunta.

Suka tsallake kogin ƙanƙarar lafiya, suka hau doron. Shekaru sun fara taɓa gwiwar Tungalag, tana tafe tana hutawa, igiyar kuwa sai fizgar gogan naka take ta baya. Ga ƙololuwa a gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Haushi ya turnuƙe shi, ya tsaya ya kama kwance ƙullin igiyar da ke ƙugunsa.

"Kai, yaro, me kake yi?" in ji Tungalag.

"Yaya, ni ba raƙumi ba ne da za a ja ni da akala. Ki taho a hankalinki. Ni ba na faɗuwa."

"Na sani. Mayar da ita, don Allah."

Ina! Ya yar da bakin igiyar a kan dusa, ya juya abinsa yana taku ɗai-ɗai.

Gaskiyarsa kuwa, bai faɗi ba. Bai yi nisa ba ya ji ƙara a bayansa. Gefen doron da rana ta tausasa ne ya ɓalle ƙarƙashin ƙafar Tungalag, ta yi hagu. Jikinsa ya tuna dokar tun kafin kansa, har ya karkata dama zai yi tsalle, sai ya ga ƙugunsa wayam. Bakin igiyar yana ja a kan dusa yana bin ta. Ya kai sura da hannu biyu, ya damƙo dusa.

Tsagin kogin ƙanƙara ya haɗiye ta. Aka yi nema har aka gaji, ba a same ta ba. Masu kiwo suka ce ƙanƙara takan dawo da abin da ta ci, amma sai ta ga dama. Har yau, kowace bazara, Nyamdavaa yakan kafa tanti a inda ƙanƙarar ke narkewa, yana duba bakin ruwa. Ya yi furfura a wurin, yana jiran yayarsa.

Darasi: Kada gwanintarka ta sa ka kwance abin da ya haɗa ka da ɗan'uwanka. Ko da kai ba ka buƙatarsa, wataƙila ran wani ne ke rataye a ƙugunka.