Ashanar da Dogo Ya Ƙyasta

Ƙanina Evaristo Baigorria mutum ne mai son iyalinsa, ba ya zagi, ba ya duka, amma ɗan ba-ni-na-iya ne na ƙin ƙarawa. A gida Dogo muke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin girki. Tun yana yaro ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. In ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa takawa ba, zai kwatanta maka har da inda za ka tsaya ka sha mai.

Abin da ya fi cika baki a kansa shi ne giyar inabi. Mahaifinmu ya ƙare rayuwarsa yana wanke tankunan siminti a wani gidan giya da ke Maipú. Ya rasu Evaristo bai kai shekara goma ba, daga nan muka koma cikin birnin Mendoza, shi kuma ya girma ya zama mai sayar da tayoyin mota. Iyakar aikin da ya taɓa yi a gidan giya shi ne kai wa Baba abincin rana. Amma in ya zauna a gaban gasasshen nama ranar Lahadi, kofi a hannu, sai ka rantse shi ya dasa itacen inabi na farko a lardin nan. Ni da na girme shi na san iyakar saninsa, sai dai ko na yi gyara ba ya ji.

Wata shekara da girbin inabi ya kama, ya ce lokaci ya yi da yaransa za su ga irin aikin kakansu. Ya kwashi matarsa Nélida, da 'yarsu Delfina mai shekara goma sha ɗaya, da autansu Lisandro, wanda muke kira Licho, ɗan shekara huɗu. Ni ma ya biyo ta gidana ya ɗauke ni. Muka nufi wani tsohon gidan giya na jikokin wasu Italiyawa, irin waɗanda ke karɓar baƙi da yara. A hanya manyan motoci shaƙe da inabi suna ta wuce mu, ruwan na ɗiga a kwalta, shi kuwa Dogo yana faɗa mana irin inabin da ke cikin kowace mota ba tare da ya leƙa ba.

Da farko ranar ta yi daɗi, kuma wannan daɗin ne ya fi ci mini rai in na tuna. Aka ba yara almakashi suka yanko nonon inabi da hannunsu. Aka zuba musu a rabin ganga suka shiga suna tattakawa. Licho ya fito ƙafafunsa sun rine har gwiwa, ya ƙi yarda a wanke masa, wai safa ce ya samu. Ya zo ya riƙe mini siket yana cewa, “Gwaggo, ki shiga ke ma, ba zan faɗa wa kowa ba.”

Mai zagayawa da mu wata budurwa ce mai suna Ailén, wadda ta yi karatun harkar giya a jami'a. Tun daga bakin ƙofa Dogo ya sa ta a gaba. In ta ce wannan, ya ce a'a wancan. In ta fara bayani, ya karɓe ya ƙarasa mata, sau da yawa ba daidai ba. Yarinyar nan tana da haƙuri, murmushi kawai take yi ta ci gaba. Nélida kuwa sai zungurinsa take yi da gwiwar hannu.

A ƙarshen babban zauren tankuna akwai wata matakala da ta gangara ƙarƙashin ƙasa, an gitta mata sarƙa. Ailén ta tsaya a nan ta ce mu matso da yara kusa. Ta ce tsofaffin ɗakunan ajiya ne a ƙasa, kuma su ne mafi kyau a gidan, amma a watannin girbi ba mai shiga. Inabin da ke tsimuwa a tankuna yana fitar da iskar nan da muke kira tufo, wadda ba ta da launi, kuma mutum ba ya ankara da ita. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka gangarawa take yi ta kwanta a ƙasa kamar ruwa.

Dogo ya yi dariya ya ce shi za a gaya wa tufo? Ya ce ubansa da kyandir ɗaya yake shiga irin waɗannan ramuka, in wuta ta ci to lafiya lau, ba sai an je jami'a ba. Ailén ta ce gaskiya ne haka mutanen zamanin da suke yi, kuma da yawa daga cikinsu a nan ƙasa aka ɗauko su. Na buɗe baki zan faɗi yadda Baba yake yi da kyandirin nasa, Dogo ya riga ya juya yana yi wa wani baƙo daga Buenos Aires bayanin ganguna.

Daga nan aka kai mu ɗakin ɗanɗano. Manya aka jera mana kofuna, yara aka ba su ruwan inabi marar tsimi da cuku. Dogo ya ɗaga kofin farko, ya jujjuya, ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya sanar wa kowa cewa wannan ta daɗe a gangar katako, shi hancinsa ba ya ƙarya. Ailén ta ce cikin ladabi ai ta bara ce, ko ganga ba ta taɓa gani ba. Mutumin Buenos Aires ya tuntsire da dariya, matarsa ta taya shi. Da a nan abin ya tsaya, da Dogo ya shanye. Sai Delfina, wadda kunya ta gama rufe ta, ta ce a hankali, amma kowa ya ji:

“Baba, don Allah ka bar ta ta yi magana mana. Ita fa ta karanta abin.”

Na ga fuskar ƙanina ta sauya. Dariyar baƙo ba ta dame shi ba, amma maganar 'yarsa ta shige shi har ƙashi. Ya ajiye kofin. Can ya miƙe ya ce yara sun gaji da zama, bari ya kai su su ga dawakin da ke bayan gida. Nélida ta ji daɗi ma, ta ce ya riƙe hannun Licho kada ya je bakin magudanar ruwa. Muka ci gaba da ɗanɗanonmu.

Abin da ya faru bayan haka daga bakin Delfina na ji shi. Ba wajen dawaki ya kai su ba. Zauren tankuna ya koma da su, lokacin ma'aikata sun fita cin abinci. Ya ɗaga sarƙar ya ce su wuce. Delfina ta tuna masa abin da aka ce, ya amsa mata da cewa yau za ta ga bambancin wanda ya karanta a takarda da wanda ya gada. Suka fara gangarawa, shi a gaba, Licho na riƙe da wandonsa. Delfina ta tsaya a tsakiyar matakala ta ce kanta na sarawa. Ya ce tsoro ne kawai irin na mata.

Da ya sauka ƙasa ya zaro ashana daga aljihu ya ƙyasta, ya riƙe ta daidai ƙirjinsa. Wuta ta kama, tana ci.

“Kin gani ko? Ga jami'ar kakanki nan,” in ji shi.

Abin da bai sani ba, kuma bai taɓa tsayawa ya tambaya ba, shi ne Baba ba a hannu yake riƙe kyandir ba. A bakin doguwar sanda yake ɗaure shi, ya tura shi gaba yana jan ƙasa, domin a ƙasa tufo yake kwanciya. Dogo ya ji labarin kyandir, bai ji labarin sanda ba.

Licho ya saki wandon ubansa ya yi gaba kaɗan wajen wata tsohuwar ganga. Delfina ta ce ta ga ya zauna, sannan ya kwanta a gefensa, ko kuka bai yi ba. Uban ya ɗauka wasa yake yi. Ya ce masa ya tashi kada ya ɓata riga, ya juya ya ci gaba da nuna wa Delfina duwatsun rufin ɗakin, yana ba ta labarin yadda aka gina su. Sai da ta ce masa Licho fa ba ya motsi sannan ya ƙyasta wata ashanar, ya sunkuya zai haska fuskar yaron. Wutar ba ta kai ƙugunsa ba ta mutu, kamar an hure ta.

A nan ya gane. Ya durƙusa ya rungumo ɗansa, ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Ya ja jiki har gindin matakala, ya faɗi a nan da yaron a ƙirjinsa. Allah ya sa Delfina ba ta sauka ta taimaka ba, da su uku za a ɗauko. Da gudu ta hau sama tana ihu.

Ba zan manta yadda ta faɗo ɗakin ɗanɗano ba, tana ihu cewa ubanta da Licho sun faɗi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikata biyu suka ɗaura igiya a ƙugu, suka sa abin shaƙar iska, suka sauka suka jawo su. Aka shimfiɗe su a tsakar gida kusa da rabin gangar da yara suka yi wasa. Dogo ya farfaɗo kafin motar asibiti ta iso, yana amai yana tambayar ina Licho. Ailén ce ta durƙusa a kan yaron tana danna ƙirjinsa tana hura masa iska a baki, hawaye na zubo mata. Numfashinsa ya dawo a hanya, amma idonsa bai buɗe ba.

Ya yi kwanaki a asibiti, na'ura na numfasa masa. Likita ta ce da an ɗauke shi daga ƙasa tun lokacin da ya kwanta, da wataƙila labarin ya sauya. Nélida ba ta yi wa mijinta faɗa ba. Ko kallonsa ta daina yi, kuma na tabbata da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Licho ya rasu da hantsi, uwarsa na riƙe da hannunsa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta gida ya cika da mutane. Dogo yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana maimaita magana guda, cewa ya gwada iskar, wuta ta kama, bai shiga da yara haka kawai ba. Kowa sai ya gyaɗa kai ya kau da ido. A ƙarshe ya tarar da Delfina zaune ita kaɗai a bayan gida. Ina tsaye a ƙofar ɗakin girki na ga ƙaton mutumin nan ya durƙusa a gaban 'yarsa.

“Ke kina wurin, 'yata. Kin ga na ƙyasta ashanar. Ki gaya musu ta kama.”

Delfina ta dube shi. Sannan ta ɗora yatsa a tsakiyar ƙirjinsa.

“Ta kama, Baba. A nan ta kama. Licho bai kai nan ba.”

Mai karatu, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in kuma girman kai ya haɗu da shi, ba mai shi kaɗai yake shaƙewa ba. Ƙanina bai rasa ɗansa don ba ya sonsa ba. Ya rasa shi ne don ya gwammace a ce ya sani a kan ya tsaya ya saurari wanda ya fi shi sani. In an gitta sarƙa a hanya, akwai dalili, ko da kai ba ka gan shi ba. In ka ji rabin labari, ka tambayi sauran rabin kafin ka aikata. Kuma duk inda ka shiga da yara, kada ka auna haɗari da tsayinka ko ƙarfinka. Ka auna shi da na ƙaramin cikinsu, domin shi abin zai fara samu, kuma amincewa da kai ce ta sa ya biyo ka.