Ango Ɗaya, Uba Uku

Ku gyara zama, rigima na kawo muku, don ni dai ta juya min kai.

Haladu a gidan marayu ya tashi. Da ya kai shekara sha takwas aka ce ya girma, wani yaron na jiran gadonsa. Ya fito da jakarsa ya tsaya bakin titi, bai san gabas zai yi ko yamma ba.

Malam Jafaru, malaminsu na sakandare, shi ya fara tsinto shi. Ya hana shi barin makaranta, ya tsare shi da karatu har ya gama. Sai dai gidan Malam ba wurin kwana, 'ya'ya sun cika shi.

Baba Nalado mai shayi ya kwashe buhunan gawayi daga ɗakin zaurensa, ya ce, "Shiga." Ran da zazzaɓi ya kusa kashe Haladu, tsohon nan ne ya tura shi a baro har asibiti.

Shitu mai walda kuwa sana'a ya koya masa, da faɗa da ranƙwashi, ya kuma bar masa tsohon injinsa. Da shi yake ci yau.

Kwatsam Haladu ya ga wata yarinya, Hansatu, yana so. Baffanta ya ce ya turo ubansa. Kunya ta hana Haladu zaɓe cikin mutanen nan uku, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kai ne ubana," wai a zatonsa biyu za su ba da uzuri. Ranar suka zo su uku, kowa da goronsa.

Baffa ya ce, "Wane ne uban yaron?"

"Ni ne!" in ji su duka.

"Ikon Allah! Jiya an ce min ba shi da uba, yau kuma uku?"

Shitu ya harari Malam. "Malam, alli ake ci?"

"Da ban riƙe shi ba, wa za ka koya wa?"

Baba Nalado ya ce, "Yara, gawa kuka so ku koyar?"

Baffa ya turo musu goronsu. "Mutum ɗaya nake so, wanda zan kama in 'yarmu ta kawo ƙara. In babu, akwai wani mai nema."

Ga Haladu can a tsaka mai wuya: in ya zaɓi ɗaya ya ɓata da biyu, in ya yi shiru Hansatu ta tafi.

To jama'a, wa zai tura a cikinsu?