Dutsen Ƙarshe na Jatau Magini

Dalilin da ya sa ginshiƙin dutse na tunawa da mutum yake da faɗin gindi, ya yi ta tsukewa har ya ƙare da tsini, ku matso ku ji shi, yara. Da can ba haka ake gina shi ba. Yadda gindinsa yake haka kansa yake, har mutum ya iya shimfiɗa tabarma a sama.

A wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani magini mai suna Jatau, da matarsa Tabawa. Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Nomau. Wata shekara Nomau ya bi fatake arewa sayo gishiri. Ayari ya dawo, babu shi. Madugu ya ce guguwa ce ta raba su a cikin rairayi, sun kwana uku suna nema, ko takalminsa ba su gani ba.

Da shekara ta zagayo, mai gari ya kira Jatau.

"Jatau, sai haƙuri. Bari liman ya yi wa yaron nan salla, a yi sadaka, a sa shi cikin waɗanda suka riga mu."

"Ranka ya daɗe, wa ya ga gawarsa? Hanya ce ta ɓace masa. Ka ba ni tudun can in yi gini mai tsawo, wanda zai hango daga nesa. Kowace kaka, duk mai sa ran Nomau yana raye ya kawo mini dutse ɗaya. Ran da aka rasa mai kawowa, a yi sallar."

Mai gari ya dube shi da tausayi, ya ce ya yarda.

Kakar farko duk gari ya fito, har tsofaffi masu dogara sanda. Jatau ya yi gindi mai faɗi, ya ɗaga shi tsayin mutum. Ya ƙudura a ransa kowace shekara sai ya ƙara wannan tsayin, kome yawan dutsen da ya samu.

Amma kaka ta biyu rabin mutane ne suka zo. Ta uku, maƙwabta da dangi. Wannan ya ce bayansa ke ciwo, wancan ya ce gero bai gama shiga rumbu ba. Ba mugunta ba ce, zuciya ce ta gaji. Jatau bai yi wa kowa ƙorafi ba. Da duwatsu suka ragu, sai ya riƙa rage faɗi don kada tsayi ya ragu. Gini ya yi ta hawa yana ramewa.

A kaka ta tara, su biyu suka rage. Da safe Jatau ya naɗa gammo ya miƙa wa Tabawa. Ta karɓa, ta ajiye shi a kan turmi.

"Malam, bana ba zan ɗauka ba."

"Ke ma, Tabawa?"

"Ni na haife shi. Shekara tara ba ka bar ni na yi kukansa ba, ba ka bari an yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci ba. Dube ka, dubi ginin. Kun zama tsinke ku biyu."

Jatau ya ɗauki gudumarsa. Ya tafi gindin tudu ya zaɓi dutse ɗaya dogo. Ya so ya daidaita kan dutsen yadda ya saba, don dutsen baɗi ya samu wurin zama. Ya daɗe riƙe da guduma. Daga nan sai ya shiga sassaƙa gefe da gefe, har kan ya yi tsinin da ko tsakuwa ba za ta zauna a kai ba.

Ya goya shi da igiya, ya hau tsani yana hutawa, ya kafa shi. Ya juya arewa, ya kira sunan ɗansa sau uku. Rairayi kawai ya gani.

Da ya sauko, bai bi ta gida ba. Ya wuce fada, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a kira liman."

Shi ya sa har yau in za a gina wa wanda aka rasa ginshiƙi, ake faɗaɗa gindinsa a tsuke kansa, wasu kuma suke kiransa tsinken dutse, yadda Tabawa ta faɗa. Faɗin na jama'ar da suka zo da fari ne. Tsinin kuwa na mutum ɗayan nan ne da ya fi kowa daɗewa yana jira.