Kurege da Wutar Ƙarƙashin Ɗaki

Ga ta nan ta iso. Mai surutu ya fita waje, mai ji ya gyara zama.

Wata shekara aka yi ɗari a ƙasar duwatsu, irin mai shiga ƙashi. Kurege bai yi noma da damina ba, yawon gulma ya yi, don haka ɗari ya same shi da rami fayau, ciki na kuka. Yana raɓe a bayan wani gida a ƙauye, sai ya leƙa ya ga mai jego kwance a gadon ƙasa, an hura wuta a ƙarƙashinsa, tana barci har da gumi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ni Kurege, ɗan ƙarami mai babban kai, na sami abincin bana."

Ya sace zane a kan shanya ya ɗaura, ya cusa wutsiya a ciki, ya shafa toka a fuska, ya ɗauki sanda ya ranƙwafa.

Da gari ya waye sai ga tsohuwa a ƙofar Kura. Kura na tsugune gaban wuta a tsakar ɗaki, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja.

Tsohuwa ta ce, "Sannu, 'yar nan. Ni ce Iya Tabawa, ungozoma. Wa ya koya miki jin ɗumi haka? Gaba na gasuwa, baya na daskarewa."

Kura ta ce, "To yaya zan yi, Iya? Gwiwoyina sun ƙi miƙewa."

"Zafi sama yake tashi, ba ya sauka. Wutar nan rufin ɗaki take wa aiki, ke kuwa a ƙasa kike kwana. A ƙarƙashi ake sa ta, daɓe ya sha ɗumi, ki kwanta kamar mai jego. Ba hayaƙi, ba toka a shimfiɗa."

Nan take Kurege ya haƙa hanya daga bakin ƙofa, ta bi ƙarƙashin daɓe, ta ɓulla bayan ɗaki don hayaƙi ya sami mafita. Kura ta ce, "Tsohuwa da haƙa haka?"

"Tuwon da muka ci ba irin naku ba ne. Kawo gyaɗa mai ɓawo."

"Ba itace ba?"

"Itace fasa daɓe yake yi. Gyaɗa ce ke ci a hankali saboda man da ke cikinta. Kuma ba mai taɓa wutar nan sai ungozoma. Wanda ya sa hannu, ciwonsa ya dawo."

Kura ta kinkimo buhu. Kurege ya ja shi cikin rami, ya zauna yana ɓarewa, ƙwaya a baki, ɓawo a wuta. Kafin azahar daɓe ya yi ɗumi, Kura ta miƙe ƙafa tana sa wa Iya albarka. Ku lura da kyau, aikin ba ƙarya ba ne, ɓawon ma ya isa ɗumama ɗaki. Ƙaryar a ƙwayar take. Haka maƙaryacin da ya iya yake yi, sai ya goya ƙaryarsa a bayan gaskiya.

Labari ya bazu. Damisa ya sa aka yi masa, gyaɗa na ta shiga rami. Kurege ya yi ɓul-ɓul har zane ya fara matse shi, yana tafe yana cewa, "Su ke noma, ni ke girbi."

Da gari ya waye sai Ɓauna ya aiko. Ɓauna ƙato ne mai gajeren haƙuri, ɗakinsa kamar zaure. Ya ce, "Iya, ki yi mini wanda ya fi na kowa."

"Ɗana, naka sai an ninka gyaɗa."

Ya ninka. To, cikin Kurege ba zai ɗauke wannan duka ba, kwaɗayi kuma ba ya cewa ya isa. Sai ya ƙwaƙule wani babban ɗaki a ƙarƙashin tsakar daɓen Ɓauna, ya riƙa tara ƙwayar gidaje duka a can. Ranar da rumbun nan ya cika, ya hau kan tarin ya ci har ya kasa motsi, barci ya kwashe shi.

Da gari ya waye daɓe ya huce, sanyi ya tashi Ɓauna. Ya yi kiran Iya, shiru. Ya ce, "Tana can gidan Kura tana zuba. Ni ba zan daskare don wata tsohuwa ba." Ya jawo gumaguman itacen ƙirya ya cusa a bakin rami, ya sa garwashi, ya hura da hancinsa. Wuta ta kama ta bi hanya da gudu.

Jim kaɗan ƙamshi ya cika ɗaki. Ɓauna ya tsaya yana shinshina. Ya ce, "Kullum gyaɗa ake ƙona mini, ban taɓa jin ƙamshinta ba. Yau da na sa itace, sai ga ƙamshin gasasshiyar gyaɗa?"

Ya bi ƙamshi har tsakar ɗaki, ya buga kofato. Daɓen da aka ƙwaƙule ya rufta, ƙafarsa ta nutse cikin ɓararriyar gyaɗa mai zafi. Sai ga Iya Tabawa ta yi tsalle ta fito, zane na ci da wuta. Ta yar da zane, wutsiya ta bayyana.

Kura da Damisa, da ƙamshi ya jawo su, suna tsaye a bakin ƙofa. Kura ta ce, "Iya, ashe kina da wutsiya?"

Kurege ya ce, "Ta tsufa ce, 'yar nan, ke ma taki za ta yi haka."

Ɓauna bai tsaya jin ƙarshen magana ba. Ya sa ƙaho ya ɗebe shi ya wurga bayan danga. Kurege ya faɗi a kan dutse, ya tashi yana ɗingishi, wutsiya na hayaƙi. Sai da ya hau inda kofato ba ya zuwa, sannan ya juyo, kumatu cike da gasasshiyar gyaɗa, ya ce, "Ku faɗi tsakaninku da Allah, ɗakunan sun yi ɗumi ko ba su yi ba? To, ku nemo wanda zai hura muku gobe."

Ƙurunƙus, kan kurege mai ƙonanniyar wutsiya. Ku tashi, kowa ya kama aikinsa.