Ranar da Alhaji Tanimu Ya Durƙusa

Alhaji Tanimu, mai makarantar kuɗi, ya leƙa aji biyar, ya tarar Malama Hansatu ta jera yara uku ana koyon kwatanta tsawo da Turanci. Ɗansa Munzali aka nuna, aji ya amsa da "shortest".

Alhaji ya ce, "Ɗana ne mafi gajarta a makarantar ubansa? Gobe 'tallest' nake so a kira shi, kuma ban yarda ki koyar da ƙarya ba. In kin kasa, ki nemi wani aikin."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe. Ka zo da hedimasta, don sai da mutum uku ake faɗar kalmar."

Washegari ta tsayar da Munzali a tsakaninsu, ta ce su durƙusa.

"Ni? A gaban yara?" in ji Alhaji.

"Kowa a nan ya fi shi tsawo, kai kuma ka hana ƙarya."

Alhaji ya tattare riga ya durƙusa, hedimasta ya bi shi. Yara suka ce, "Munzali is the tallest."

Alhaji ya yunƙura zai tashi.

"Dakata, ranka ya daɗe. Kana miƙewa ta zama ƙarya. Yanzu za su faɗa ɗaya bayan ɗaya, kuma ajin cike yake."